Ciriaco Padrón, Sojan da Ke Hangen Gidansu

Ciriaco Padrón mai alfadarai ne kafin ya zama soja. Ubansa ya rasu ya bar masa alfadarai uku, da uwa, da yaya mace mai suna Domitila, da wani ɗan gida a Regla, ƙaramin garin da ke tsallaken ruwa daura da birnin Habana, can ƙarshen layin masu gyaran kwalekwale. Sau uku a mako yakan hau tudun Guanabacoa ya ɗoro gurasar rogo da gawayi, ya gangaro da su bakin ruwa, masu kwalekwale su tsallakar da su Habana. Shekararsa ashirin da biyu, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, kuma bai da niyyar shiga.

Wata Lahadi aka yi faɗan zakaru a bayan coci. Wani ma'aikacin kwastan ya ce an yi wa zakaransa maguɗi, ya haɗa da zagin uwar Ciriaco. Naushi ɗaya Ciriaco ya kai masa, haƙora biyu suka faɗo cikin yashi. Da aka je gaban alƙali sai ya ba shi zaɓi: ko shekara shida yana fasa dutse a ganuwa, ko shekara takwas cikin sojan jiragen ruwan sarkin Sifen. Ciriaco ya sha ganin masu fasa dutse da sarƙa a ƙafa, don haka bai tsaya dogon tunani ba.

Uwarsa ta ce, "Ɗana, da dutsen ka ɗauka. Shi dai ba ya nutsewa."

Ya yi dariya, ya ce shekara takwas kamar gobe ne.

Jirgin da aka kai shi sunansa Santa Eduviges, mai igwa sittin da huɗu, da mutum kusan ɗari biyar a cikinsa. Ranar farko Saje Balbino Urquiza ya jera sababbin sojan a kan doron jirgi. Dattijo ne siriri, mutumin Sifen, ba ya ɗaga murya sai ta kama.

Ya ce, "Ku ba matuƙa ba ne. Ba za ku hau turken jirgi ba, ba za ku taɓa filafilan da iska ke turawa ba. Aikinku tsayuwa. Ƙofar kyaftin, ɗakin albarushi, gangar ruwan sha, bakin matakala. Abokan gabanmu Ingilishi sai a yi shekara uku ba a gan su ba." Ya juya ya nuna matuƙan da ke jan igiya. "Waɗannan kuwa kullum suna nan. Rabinsu kamo su aka yi a titi. Ku ne shingen da ke tsakaninsu da hafsoshi."

Haka kuwa abin yake, har a wurin kwana. Matuƙa a gaba, hafsoshi a baya, ragar kwanan soja a rataye a tsakiya. Hafsa ba ya sanin sunan soja, matuƙi kuwa ba ya gaishe shi. In Ciriaco ya wuce da bindigarsa sai ya ji ana cewa, "Ku ba gunkin sarki hanya." Da suka gano sana'arsa ta dā sai suka sa masa suna Alfadari, wani ya riƙa yi masa kuka irin nasu daga saman turke. Wata biyu ya yi yana amai. Bayan nan cikinsa ya saba, ya koyi buga busasshiyar gurasa a katako don tsutsa ta fito kafin ya kai baki.

A shekara ta uku suna dawowa daga Veracruz iska ta ɗauke. Kwana goma sha tara filafilai na rataye kamar wankin da aka manta, teku ta kwanta lumui, ƙaron da ke tsakanin katakai ya narke yana kama tafin ƙafa. Aka rage ruwan sha zuwa moɗa biyu a yini, aka sa Ciriaco gadin ganga, da umarnin duk wanda ya taɓa ta ya soke shi.

Da tsakar rana wani matuƙi ya zo, gajere mai faɗin kafaɗa, mutumin Campeche, sunansa Nemesio Canul. Kowa ya san shi, don bakinsa ba ya rufuwa. Tsumma ne a hannunsa.

Ya ce, "Alfadari, ba sha zan yi ba. Jiƙawa kawai. Abokina na ƙasa, zazzaɓi ya tsage masa leɓe."

"Umarni ne."

"Shi umarnin yana jin ƙishirwa?"

Ciriaco ya dubi tsumman, ya dubi wajen ƙofar hafsoshi, sannan ya juya kai yana kallon teku kamar ya hango wani abu. Ya ji ɗan motsin murfin ganga a bayansa. Da ya waiwayo babu kowa.

Mai zazzaɓin ya mutu bayan kwana biyu, aka jefa shi ruwa. Amma ranar da iska ta dawo, Nemesio ya ɗauko akushinsa na wake ya zo ya zauna kusa da Ciriaco a gaban kowa, abin da matuƙi bai taɓa yi wa soja ba. Ya ce, "Matsa mini. Alfadari ma dabba ce mai amfani." Daga nan suka shaƙu. Nemesio ya yi ta ba shi labarin matan Campeche, rabi ƙarya, shi kuma ya koya masa yadda ake sanin shekarun alfadari ta haƙori. Saje Balbino ya gani, ya ja Ciriaco gefe ya ce, "Ka rage. Wata rana za a ce ka nuna masa bindiga." Ciriaco ya ce to, bai rage ba.

Yaƙi ɗaya ya gani a duk zamansa, in ma za a ce ya gani. A shekara ta biyar suka haɗu da jirgin Ingilishi a yammacin tsibirinsu. 'Yan uwansa soja suka jeru a gefen jirgi suna harbi, shi kuwa aka tsayar da shi a bakin matakalar da ke gangarawa ƙasa, ya ba abokan gaba baya, don kada wani ya bar igwarsa ya gudu ya ɓuya. Awa uku aka yi, bai ga komai ba sai hayaƙi da tartsatsin katako. Can wani mai ɗura igwa ya rarrafo wajensa, jini na zuba daga kunnuwansa biyu. Ciriaco ya ɗora masa tsinin banati, wuƙar bakin bindiga, a ƙirji. Mutumin ya ɗago ya dube shi, ya juya ya koma. Bai kai ga igwar ba dalmar igwar abokan gaba ta fasa bangon jirgi, tsagin katako ya same shi a wuya.

Da ƙura ta lafa Saje Balbino ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka yi aikinka." Kwana uku Ciriaco bai iya cin abinci ba. Ko sunan mutumin bai sani ba, kuma ya kasa tambaya.

Ranar da shekara takwas ta cika ya goge maɓallan rigarsa, ya je gaban hafsan da ke kula da soja, hula a hannu. Hafsan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Ana yaƙi. Ba wanda za a sallama sai an yi sulhu." Ya ci gaba da yanke farcensa.

Shekara ta zagayo, guguwa ta same su kusa da gida ta karya turaku biyu. Da ƙyar aka jawo Santa Eduviges cikin tashar Habana. Masu duba jiragen suka ce tsutsa ta cinye gindinta, gyara sai an sami katako, katako kuma an ba wasu jiragen. Aka sauke igogi, aka cire turken da ya rage, aka ja ta can ƙuryar ruwa aka jefa ƙarafan anka huɗu don kada ta motsa. Ta zama wurin ajiye matuƙan da ke jiran wani jirgi, da fursunonin yaƙi a ƙasa. Aka hana kowa sauka, musamman 'yan gari, don an san in suka taka ƙasa sai dai labari.

Inda aka ɗaure ta kuwa daidai Regla ne. Daga gefen jirgi Ciriaco na ganin cocin, da layin masu gyaran kwalekwale, da hanyar da ke hawa Guanabacoa. Mai ƙarfin murya in ya yi kira daga gaɓa za a ji. Yakan ce yana gane hayaƙin murhun uwarsa cikin na mutane, Nemesio ya ce masa, "To shaƙa da kyau, ka faɗa mini ko akwai nama."

Domitila ta nemi izinin wankin hafsoshi, aka ba ta. Duk Alhamis takan zo a kwalekwale da kwandon lemo, a zuro mata igiya a ɗaure kayan wanki. Ranar farko ta ɗaga kai tana neman ƙaninta cikin masu riga iri ɗaya, har sai da ya kira sunanta.

Ta ce, "Kai ne wannan? Ina suka kai maka haƙora?"

"Teku ta karɓa, Yaya. Ina Inna?"

"Tana nan. Ƙafa ce ta kumbura. Ta ce in tambaye ka ko ana ba ka abinci."

"Ce mata har na ƙoshi. Alfadaraina fa?"

Ta ce, "Sun tafi tun shekara ta biyu. Wa zai kora su?"

Sau ɗaya aka kawo tsohuwar, an kwantar da ita a kan buhuna cikin kwalekwale. Idonta ya riga ya yi rauni. Ta ɗaga kai ta ce ba ta ganin komai sai baƙin bango, ya dai yi magana ta ji. Ya yi ta magana, ya rasa me zai ce sai labarin wake da gurasa, har aka kori kwalekwalen.

Bayan wata biyar, wata safiya ƙararrawar Regla ta buga irin ta mutuwa. Kafin rana ta yi sama Domitila ta iso da baƙin mayafi, alhali ba Alhamis ba ce. Ciriaco ya je wurin saje.

"Ranka ya daɗe, uwata ce. Awa biyu. Ka haɗa ni da soja biyu, ka sa mini sarƙa in ka so."

Balbino ya ce, "In na kai maganarka sama, gobe uwar mutum arba'in za ta mutu a jirgin nan. Ni shekara ashirin da shida rabona da ƙauyenmu, mutuwar tawa uwar a takarda na ji." Ya gyara tsayuwa. "Na mayar da kai gadin gefen Regla yau. Iyakar abin da ke hannuna ke nan."

A nan ya tsaya da bindiga a kafaɗa, yana kallon wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun fito daga layinsu, sun shiga coci, sun fito, sun bi bayan gari. Ya ƙirga su, mutum goma sha huɗu.

Damina ta shekara ta goma sha ɗaya, wata la'asar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, har Habana ta ɓace. Ciriaco na gadi a goshin jirgi, ya rufe kunamar bindigarsa da gefen riga yadda aka koya masa. Sai ga Nemesio ba riga.

Ya ce, "Kai ne a nan yau? To madalla. Shekara biyu ina zaune a jirgin da ba ya tafiya, Alfadari. Ni matuƙi ne, ba kaza ba."

"Akwai manyan kifaye a ruwan nan."

"Su ma su gwada sa'arsu."

Ya haye gefen jirgi ya faɗa. Ƙarar faɗuwarsa ta fito da Saje Balbino, ya hango baƙin kai na nitso yana fitowa.

"Harbe shi."

Ciriaco ya ɗaga bindiga. Kan Nemesio na nan sosai a gabansa, nisan bai fi taku talatin ba. Ya karkatar da bakin bindigar zuwa wata ganga da ke yawo a kan igiyar anka, can hagu, ya ja. Kafin wani ya iso ruwan sama ya rufe komai.

Balbino ya dubi gangar, ya dube shi. "Shekara goma sha ɗaya ina ganin harbinka," ya ce. Ya miƙa hannu ya karɓi bindigar.

Hukuncin da aka yanke shi ne ya ratsa tsakanin soja sittin sau shida, kowa na dukansa da sandar ɗura bindiga, sannan a ƙara masa shekara huɗu. Balbino ne ya yi gaba da baya-baya, tsinin takobi a ƙirjin Ciriaco don kada ya yi sauri. Shi ne kuma ya kawo ruwan gishiri daga baya ya wanke masa bayan da hannunsa.

Mako uku yana kwance rub da ciki, bai san ko Nemesio ya kai gaɓa ba. Alhamis ɗin da ya iya miƙewa ya jingina da gefen jirgi, Domitila na ɗaure wanki a ƙasa. Ba ta ko dube shi ba ta ce, "Na tsinci wani kifi a ƙarƙashin gadar masu kwalekwale. Ban taɓa ganin kifi mai surutu irinsa ba. Ga cin wake kamar ya yi azumin shekara."

Ciriaco ya yi dariya har bayansa ya sake tsagewa.

Kafin shekara ta cika Domitila ta ce masa ta auri kifin. Nemesio ya sauya suna, ya tara gemu, ya kama aikin toshe kwalekwale da ƙaro a layinsu, yana kwana a ɗakin da Ciriaco ya tashi. A cikin haka aka yi sulhu da Ingila, aka buga igogi a ganuwa, aka sallami duk wanda lokacinsa ya cika. Ciriaco ya tsaya gadi yana kallon su suna sauka da ƙunshinsu, domin shekarunsa huɗu na horo ba su ƙare ba. Kafin su ƙare kuma yaƙi ya dawo.

Wata Alhamis sai ya ga mai tuƙa kwalekwalen Domitila wani gajere ne da ƙatuwar malafa. Ita tana zaune da jinjira a cinya. Mai malafar ya matso da kwalekwalen daidai ƙarƙashin tagar igwa inda Ciriaco ke tsaye, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanin mata, ba gaisuwa?"

"Ka haukace. Akwai waɗanda suka san fuskarka a nan."

"Gemu suka sani? Ji nan. Ƙarƙashin wankin nan akwai wurin mutum ɗaya. Taga ga ta, igiya ga ta. Hafsoshi suna cin abinci. Ka zuro ƙafa kawai."

Ciriaco ya dubi tagar. Faɗinta ya ishe shi, don ya rame. Gaɓa na nan, har yana ganin wata mata na shanya a layinsu. Ya jingine bindigar, hannunsa ya kama igiyar. Sai ya tuna abin da shi kansa ya sha gani: in soja ya gudu, gidan danginsa ake fara zuwa. Za su buɗe ƙofa su tarar da mai gemu wanda ya gudu lokacin yaƙi, hukuncinsa kuwa igiya ce a wuya. Domitila kuma ita ta kawo kwalekwalen. Ya dubi jinjirar, ta kama kitson uwarta tana ja.

Ya saki igiyar, ya ɗauki bindigarsa.

"Yaya sunanta?"

Domitila ta ce, "Sunan Inna muka sa mata. Ciriaco, sauko."

"Ku tafi, Yaya. Kun daɗe a nan, za a lura. Kada ki sake barinsa ya zo."

Nemesio ya buɗe baki, ya rufe. Ranar ce kaɗai Ciriaco ya ga ya rasa abin faɗi. Ya tuƙa kwalekwalen suka juya.

Sauran shekarun ba su da labari mai yawa. Jirgin ya yi ta ruɓewa, ana kwashe ruwa daga cikinsa safe da yamma, ciyawar teku ta yi masa gemu. Ciwon baƙin amai ya shiga sau biyu, na biyun ya tafi da Saje Balbino. Ciriaco ne ya riƙe masa moɗa. Dattijon bai ta da tsohuwar magana ba, cewa kawai ya yi a sa masa rigarsa a ɓalla mata maɓallan duka. Aka kawo wani sabon saje wanda aka haifa bayan an ƙera jirgin. Duk Alhamis Domitila na zuwa, jinjirar ta zama yarinya, aka sami na biyu da na uku, ya san su duka ta saman kai.

A shekara ta goma sha tara aka sake yin sulhu, aka kuma ce Santa Eduviges ba ta da sauran amfani sai itacen girki. Aka tara su a doron jirgi, hafsa ya karanta takarda. Sashen farko ya sallami duk sojan da lokacinsa ya wuce. Sashe na biyu ya ce an yafe wa duk wanda ya gudu daga jiragen sarki, in dai ya je ya bayyana kansa.

Nemesio ne ya zo ɗaukarsa, ya aske gemu ƙwal.

Ya ce, "Ka ji ikon Allah? Ni da na gudu da kai da ka tsaya, takarda ɗaya ta sake mu."

Ciriaco ya ce, "Tuƙa dai."

Da ya taka ƙasa sai ta riƙa juya masa, sai da Domitila ta riƙe shi har gida. Shekararsa arba'in da ɗaya, ana yi masa kallon mai sittin. Ya je kabarin uwarsa ya daɗe a zaune. Ya nemi aiki a wurare da dama, kowa ya tambaye shi me ya iya, daga ƙarshe wani mai rumbun sukari ya ɗauke shi gadi. Bai so ba, amma ya karɓa.

Bayan shekara biyu ya auri wata gwauruwa mai suyar kifi a bakin gada, sunanta Eulogia. Ba su haihu ba, sun dai zauna lafiya shekara goma sha huɗu, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi a wani rani. Nemesio, da ya tsufa bai daina surutu ba, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Eulogia takan ce mutum ne mai sauƙin zama, abu ɗaya kawai ta kasa raba shi da shi: ba ya yarda a rufe ƙofa yana cikin ɗaki, ko ana ruwa. Da ta gaji da magana sai ta sa aka cire ƙyauren, ta rataya tabarma a wurin.